Bargon da Ba a Gama Saƙawa Ba

Ranar da muka ɗauko ki daga Temuko
ruwan sama bai ɗauke ba tun asuba.
Kina naɗe cikin bargon ulu, ja da baƙi,
gefe guda ba a gama saƙa shi ba.
Na tambayi matar ofis hannun wa ya yi wannan.
Ta ce, "Uwar ta rasu wajen haihuwa. Sa hannu a nan."
Na sa.
Babanki ya ƙirga kuɗin da suka ce na takardu ne,
kuɗin kwalekwalen da ya sayar a Baldibiya.
Ba mu tambayi yadda takarda ta kai tsadar jirgin ruwa ba.
Shekara tara muna jiran kukan jariri a gidan nan,
mai ƙishirwa kuwa ba ya leƙa gindin rijiya.

Na raɗa miki Amparo.
Na koyi bambanta kukan yunwa da na ciwon kunne.
Maƙwabciya ta leƙo ta kan shinge, ta dubi gashinki, ta dubi nawa,
ta ce tsintacciyar mage ba ta mage.
Ban ƙara aron gishirinta ba.

Kina aji uku malama ta ce kowa ya zana bishiyar danginsa.
Kika dawo da bishiya mai ganye, ƙasanta fari fat,
kika ce, "Mama, ara mini saiwarki, gobe zan mayar."
Na ara miki. Na yi dariya.
Na shiga ɗakin girki na yanka albasar da ba na bukata.

Yanzu shekarunki talatin da ɗaya.
Kin tofa yawu a 'yar kwalba, kin aika ta gidan waya,
wata huɗu sai ga amsa:
tana raye.
Sunanta Eudosiya, tana sayar da ƙwai da ganyen shayi a bakin kasuwa.
Ita ma an ba ta takarda.
An ce jaririyar ba ta kwana ba, ba a nuna mata gawa ba,
aka sallame ta nononta na zuba a riga.
Ta riga ta kira ki Rayen, wato fure a harshen iyayenta.
Kowace shekara tana kunna kyandir
don kabarin da ba ta san inda yake ba.

Alƙalami ɗaya ya binne ku biyu,
ni kuma ina tsaye ina godiya.

Ban yi sata ba, Amparo.
Na faɗa wa madubi haka, na faɗa wa hoton babanki.
Amma ɓarawon bai haura katangata ba,
ni na je rumfarsa da ƙafata,
na goyi abin da ya miƙo mini,
na so shi har ban san inda fatata ta ƙare taki ta fara ba.
Wace kotu ce za ta raba wannan?
Daren zazzaɓinki nawa ne.
Haƙorinki na farko yana cikin gwangwanin maɓallaina.
Amma wata taran nata ne,
da shekara talatin da ɗaya na kyandir.

Gobe motar ƙarfe shida za ki shiga.
Kin tambaye ni ko zan ji haushi in kin kira ta Mama.
Zan ji.
Ki kira ta.

Na ciro bargon daga ƙasan akwati, asu ya ɗan taɓa shi.
Sau nawa na ɗauki allura in ƙarasa gefen nan,
hannuna ya ƙi.
Ki kai mata.
Wataƙila ragowar zaren na nan a wurinta.

Na dafa miki ƙwai biyu na hanya,
sai na tuna wurin mai ƙwai za ki.
Duk da haka na ƙunshe su.